Igiyar da Ta Hau Tunau

Ku gyara zama, wannan labari ya sha tafiya kafin ya iso kunnenku.

Ranar da bishiyar maɗaci ta amsa wa Tunau sallama, saura ƙiris ya sare ƙafarsa da gatari.

Shi Tunau mai magani ne a wani gari da ake kira Kwarin Gamji. Ba ruwansa da kiran iskoki, shi dai saiwa da sassaƙe da ganye ya sani. Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin kakansa: ba ya sa wa itace ƙarfe sai ya yi masa sallama, ya gaya masa abin da ke tafe da shi, sannan ya sassaƙi gabas kaɗan, yamma kaɗan, ya shafe wurin da jar ƙasa. Mutane su yi ta yi masa dariya, shi kuma ya taya su. Haka Allah ya yi shi, ba a taɓa ganin ɓacin ransa ba. Ko zaginsa ka yi, sai ya ce gajiya ce ke damunka, zauna ka sha fura.

Matarsa Gwamma taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, sun tsufa tare suna tsokanar juna. Ba ta kama sunansa, Mai-gatari take ce masa. In ya dawo daga daji sai ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Mai-gatari, yau kuma wace bishiya ka je wa gaisuwar surukai? Ta ce a gaishe ni?"

"Ta ce in gaya miki miyarki ta jiya gishiri ya yi mata yawa."

"Amma ka sha ƙwarya biyu, bawan banza!"

To, da kaka ta kama sai masassara ta kwantar da Gwamma. Tun ana cewa ta kwana biyu ce har idanunta suka koma ruwan ƙwai, shawara ta shigo. Ba abin da Tunau bai jiƙa ba: jibda-ƙasa, garafuni, sassaƙen marke, na maɗaci, duk a banza. Ramar da ta yi ba ta tayar masa da hankali kamar yadda ta daina tsokanarsa. In ya ce, "Yaya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi," da wata 'yar murya kamar ba tata ba. Masu dubiya in sun tambaye shi, shi ma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," yadda kowane ɗan mutunci ke cewa ko da mai jikin na kan gargara.

Ran nan da hantsi ya bar ta hannun ƙanwarta Tabawa, ya koma gindin tsohon maɗacin bakin rafi. Ya ce, "Salamu alaikum, na sake dawowa."

"Wa alaikas salamu, ya kai ɗan Adam mai ladabi."

Gatari ya kuɓuce. Kututturen ya tsage, wani tsoho ya fito, fatarsa duk tsaga-tsaga irin ta ɓawon itace, gemunsa har gwiwa.

Tsohon ya ce, "Kada ka firgita. Ni ne mazaunin wannan bishiya. Shekara da shekaru kana yankan rigata, amma ba ka taɓa yi ba sai da izini, kuma kullum sai ka ɗinke mini da jar ƙasa. Yau zan rama. Ka sani ɗacina bai kai ga cutar matarka ba. Amma can gabas, bayan teku, bayan ƙasar da giwaye ke yi wa mutane dako, akwai Birnin Rataye. A can akwai wata igiya mai rai, 'yar'uwar jibda-ƙasarku ce ta nesa, suna ce mata Ba-ta-mutuwa. In rabo ya tsaga, ita ce maganin."

Tunau ya ce, "Baba, ni ko kogin garinmu ban iya ƙetarewa ba sai a gada."

Tsohon ya girgiza reshe, kwanson ɗan maɗaci ya faɗo, ya buɗe, ya yi ta girma har ya zama kwalekwale. Tsohon ya ce, "Shiga. Gargaɗi ɗaya zan yi maka. Mutanen can ba su zauna da Hausawa ba kamar ni. A wurinsu magana ba ta da riga, abin da ka faɗa shi ke nan."

"Wannan ai mai sauƙi ne, ni ban iya ƙarya ba," in ji Tunau. Gaskiya ya faɗa kuwa, sai dai bai gane inda aka dosa ba.

Cikin kogon bishiyar ashe kogi ne. Ruwa ya ja kwalekwalen, ya yi ta gudu da shi ta ƙarƙashin ƙasa, bai tsaya ba sai a Tekun Masassara. Wannan teku, jama'a, igiyar ruwa ɗaya tana tafasa, mai bi mata kuma sanyi har cikin ɓargo. Tunau ya yi gumi, ya yi kakkarwa, ya sake gumi. Yana cikin haka sai wata ƙatuwar ƙaguwa ta taso, bayanta ya kai faɗin masussuka, ta damƙe bakin jirgin.

"Ya kai mai ƙafa biyu, ba a wuce ni sai da amsa. Me ya fi ruwan nan haɗa zafi da sanyi a lokaci guda? In ka kasa, kai ne kalacina."

Tunau bai ko yi tunani ba. "Goshin Gwamma da tafin ƙafarta, ranki ya daɗe. Na taɓa su da hannuna yau da safe."

Ƙaguwa ta yi tsaki don haushin kalacin da ya wuce ta, ta hankaɗa jirgin, ya yi sama, ya dira a gaɓar wata ƙasa mai ruwan sama tsilli-tsilli ba yankewa. Itatuwan wurin ba a ganin ƙarshensu. Daga samansu igiyoyi ne birjik suka sauko, can ƙololuwa kuma ga birni yana lilo a iska. Ba tsani, ba hanya, sai dai a kama igiya a hau. A ƙasa kuwa ƙasusuwa ne barbaje, na waɗanda suka riga shi zuwa, domin rabin igiyoyin nan macizai ne suka miƙe suka yi lamo.

Tunau bai san da haka ba. Shi dai ya kai hannu zai kama ta farko, sai halin nasa ya motsa, ya ce, "Salamu alaikum, zan ɗan taka ki."

"Wa alaikas salamu," in ji igiyar, ta ɗago kai da harshe biyu.

"Af! Yi haƙuri, ba da ke nake ba."

Haka ya bi su. Wadda ta amsa ya ba ta hanya, wadda ta yi shiru ya kama. Macizai suka yi ta duban juna, don tun da suke ba wanda ya taɓa gaishe su, kuma an san ba a saran wanda aka amsa wa sallama. Da haka ya hau har ƙofar birni.

Kai, Birnin Rataye abin kallo ne! Ba tubali ko ɗaya. Ɗakuna, soraye, kasuwa, duk saƙar igiya ce mai rai, ganye na motsi a jikin bango. Mutanen garin sirara ne, koraye, gashinsu zare-zare har ƙasa. Birai ke yi musu ɗiban ruwa a cikin ganye. Aka kai shi gaban Magajiyar birnin, tana zaune a kan lilo, fadawa kewaye da ita. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

Ta ce, "Ya kai baƙo, macizaina sun aiko da yabonka. Faɗi buƙatarka."

"Allah ya ja zamaninki, 'yar saiwar Ba-ta-mutuwa nake roƙo, ko kamar ɗan yatsa ce."

Fada ta kwashe da dariya, har birai. Magajiya ta ce, "Saiwa! Ku mutanen ƙasa komai sai kun tona. Taso ka gani."

Ta kai shi lambunta. Ya ga igiyar da idonsa: kaurinta kamar babban yatsa, ɓawonta siriri yana saɓulewa, duk jikinta 'yan ƙuraje. Ganyenta mai faɗi ne da tsini, ya so ya yi kama da na dankali. Daga can sama wasu zarurruka suke saukowa suna neman ƙasa a hankali. Magajiya ta ce waɗannan su ne saiwoyinta, a iska suke fara rayuwa. Ta nuna masa 'yan furanni rawaya, ta ce na namiji igiyarsa dabam, na mace dabam, kuma macen ce ke yin 'ya'yan nan jajaye kamar idon zakara.

"Ka yanke ta ka rataye a reshe, ka tafi ka manta, ka dawo ka tarar ta zuro zare ta ci gaba da rayuwarta. Shi ya sa sunan. Karan jikinta ake dakawa a jiƙa, a ba mai masassara, da mai shawara, da wanda gaɓɓansa ke ciwo. Amma ga sirrinta: halin abin da ta hau take ɗauka. Ɗanɗana wannan."

Ya ɓalli ta kan mangwaro ya tauna, ba laifi, lami. Ta nuna masa wata a kan wata bishiya mai ƙananan ganye masu baki kamar zarto. Yana taɓa ta da harshe ya ji har ƙeyarsa ta amsa.

"Wannan ce taka," in ji Magajiya. "Cutar matarka ba ta jin komai sai ɗaci."

Tunau ya ji daɗi har kunne. Ashe abin da masu magani suka sani a gida game da kauci ne, na kan tsamiya dabam, na kan kuka dabam. Mai yankan fada ya zare wuƙa ya ɗaga. Sai Magajiya ta ce, "Dakata. Dokarmu ce, ba a yanka sai an tambaya. Ya kai baƙo, yaya mai jiki?"

Wallahi bakin ne ya riga shi. "Da sauƙi, ranki ya daɗe, alhamdu lillahi."

Wuƙa ta koma kube. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga tambura, fadawa suka yi ta zuwa suna yi masa barka. Magajiya ta ce, "Madalla! Mun taya ka murna. Igiyarmu ta tsira daga wuƙa, matarka ta tsira daga cuta."

"A'a, a'a, ku tsaya! Ranki ya daɗe, wannan ai gaisuwa ce. Haka muke cewa."

Fuskarta ta canja. "Kana nufin ƙarya ka yi a fadata?"

"Subhanallahi, ba ƙarya ba ce. Fata ne. A wurinmu ba a ce wa mai tambaya babu sauƙi, sai ka ce mutum ya raina rahamar Allah."

"In gaskiya ka faɗa, ba ka buƙatar magani. In ƙarya ce, maƙaryaci ba ya fita nan da ko ganye ɗaya, ƙasa muke jefa shi. Zaɓi ɗaya."

Tunau ya leƙa ƙasa, ya tuna ƙasusuwan nan. Sai yanzu gargaɗin tsoho ya faɗo masa.

Magajiya ta sassauta murya. "Kalma ta riga ta fita, ba ni da ikon maido ta. Amma ba a hana ni yi wa baƙo kyauta ba." Ta sa aka kawo wani ɗan sabon toho wanda bai taɓa hawan komai ba, ta ɗora masa a kafaɗa. Nan take ya naɗe masa wuya, ya zagaye ƙirji. "Wannan igiya ba ta da ɗanɗano tukuna. A jikin bishiya sai ta yi damina guda kafin ta sha halinta. A jikin ɗan Adam mai jini yana gudu, nan da nan take sha. Ta hau ka. In akwai ɗaci a cikinka, matarka ta sami magani."

Ya yi godiya, ya sauko, yana yi wa macizai sai wata rana.

A hanya fa Tunau ya shiga neman ɗaci a cikinsa. Ya tuno maƙwabcin da ya ci masa iyakar gona, sai ya tuna ai mutumin 'ya'ya ne suka yi masa yawa. Ya tuno wanda ya sace masa akuya, sai dariya ta kama shi, don akuyar nan ta fi ɓarawon fitina. Ya ɓalli ganye ya tauna, zaƙi kamar rake. Da ya iso Tekun Masassara ya roƙi ƙaguwa don Allah ta zage shi. Ita kuwa dama tana cike. Ta zagi hancinsa, ta zagi gatarinsa, ta zagi garinsu da mai garin. Tunau ya yi iya ƙoƙarinsa ya ji haushi, amma da ta kai ga cewa tafiyarsa kamar ta agwagwa, sai ya fashe da dariya, ya ce Gwamma ma haka take cewa. Ƙaguwa ta ce ba ta taɓa ganin mutumin banza irinsa ba, ta hankaɗa shi gida.

Ya fito daga kogon maɗaci ya tarar rana ba ta wuce la'asar ɗin ranar da ya tafi ba. Igiya ta lulluɓe shi da ganye tun daga wuya har ƙugu. Ya kwashe labari ya gaya wa tsohon, ya ce, "Baba, bari in rataya ta a jikinka."

"Rataya, in matarka za ta iya jiran wata damina."

Tunau ya janye hannunsa daga reshen.

"Je ka gida," in ji tsohon, ya shige bishiyarsa.

A ƙofar ɗaki ya sami Tabawa, idanunta jawur. Ya ce, "Yaya mai jiki?" Ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi, Yaya."

Ya shiga. Gwamma na kwance a kan tabarma, leɓɓanta sun bushe. Ta buɗe ido ta gan shi tsaye, ƙaton mutum da furfura, an naɗe shi da ganye kamar rumfar kabewa. Abin da da can sai ta shekara tana yi masa tsiya a kai, ta kira maƙwabta su zo kallo. Ya tsaya yana jira. Ta dube shi, ta dube shi, ba ta ce komai ba.

Ya durƙusa kusa da ita. "Gwamma, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji ta, da ƙyar aka ji.

Tunau ya girgiza kai.

"Babu sauƙi, Gwamma," ya ce. "Allah na gode maka, ban raina rahamarka ba, amma babu sauƙi. Tafiya kike yi kina bari na, ina kallo. Kullum in fita in ce wa mutane da sauƙi, in je daji in yi wa itatuwa surutu don kada in zauna in ga idanunki. Tsoro nake ji. Tun muna yara kike tsokanata, ban san yadda ake wuni ba tare da ke ba. In kin tafi wa zai tare ni a bakin ƙofa? Wa zai ce mini Mai-gatari?"

Ya kife kai ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba tun yana goye. Hawaye suka bi gemu suka sauka kan igiyar. Sai ya ji ta ƙara matse shi, ganyenta ya yi duhu, ƙurajen jikinta suka tashi. Ya kai ganye ɗaya baki. Bai san lokacin da ya tofar ba. Duk shekarun da ya yi yana lasar maɗaci bai taɓa jin ɗaci irin wannan ba.

"Tabawa! Turmi, maza!"

Duk da saurin da yake yi sai da ya ce wa igiyar, "Salamu alaikum, zan ɗan yanke ki." Ya yanki kara, aka daka, aka jiƙa, aka tace. Ya tallafo kan Gwamma ya ba ta. Ta yamutsa fuska, ta haɗiye. Kafin rana ta faɗi gumi ya karyo mata har tabarma ta jiƙe, barci mai nauyi ya ɗauke ta. Ya ci gaba da ba ta safe da yamma, idanun suka fara washewa.

Wata safiya da hantsi matan unguwa suka zo dubiya. Tunau na tsakar gida yana gyara gatari, ya ji sun ce, "Gwamma, yaya jiki?"

"Ina fa sauƙi!" Muryar ta fito tangararas har waje. "Ku dai bari. Mutumin nan so yake ya kashe ni da ɗaci ya huta. Kuma da kun ga yadda ya shigo mini ran nan, ganye har kunne, na ce yau kam bishiyoyin da yake gaisarwa sun ba shi 'yarsu, ga shi an rako ango!"

Mata suka kwashe da dariya. Tunau ya ajiye gatari, ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, yana share ido da hannun riga. Farin cikin da ya ji ran nan bai taɓa jin irinsa ba.

Sauran igiyar ya kai ta gindin maɗaci, ya yi sallama, ya rataya a reshe. Ta zuro zarenta, ta kama ƙasar Kwarin Gamji kamar dama can 'yar garin ce.

Ranar da matan nan suka zo dubiya, bayan sun watse, ya kawo wa Gwamma ƙwaryar magani. Ta karɓa, ta riƙe, ba ta sha ba. Ta ce, "Mai-gatari, ran nan fa ina jinka, bakin ne kawai ya ƙi buɗuwa. Ashe duk wannan ɗaci a cikinka yake, kana ta yi mini dariya?"

"Ni ma ban san yana nan ba."

"To kada ka ƙara ɓoye mini irinsa."

Ta kafa kai ta shanye tas, ba ta rage ko ɗigo ba.

Nan labarin ya sauke kayansa, wanda ya ji ɗaci a bakinsa ya kurkure da ruwa.